DAGA KASET ZUWA XENDER: TARIHIN "TURA MIN" A BAKORI

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai bayan isha'i.

Shekaranjiya da yamma ina zaune a shagon cajin waya na wani ƙanena a nan Bakori, sai ga wani dattijo a kan babur daga wajen Tsiga. Ya ciro memori a ƙullin leda daga aljihun gaba, ya ce a zuba mishi Shata, da tafsiri, da "fim ɗin nan na yaran nan" saboda iyali. Ko minti goma ba a yi ba aka gama, ya biya ya kama hanya. Ƙanen nawa ya ce min tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a farkon 2025, masu zuwa turi suka sake yawa, har da waɗanda da can suke ganin sun wuce nan.

Muna cikin hirar sai gardama ta kaure tsakanin wasu samari biyu. Ɗaya ya ce turi sata ce kawai da aka yi wa suna mai daɗi. Ɗayan ya ce ai taimakon talaka ne. Ni dai ban raba gardamar ba, amma na dawo gida ina ta tunanin yadda abin ya faro, domin a gaban idonmu aka yi shi tun daga kaset.

Mu da muka taso kafin zuwan waya, mun san rediyo mai bakin kaset biyu. Mahaifina, Allah Ya jiƙan shi, yana da ita, kuma ba ta hutawa. Maƙwabci zai kawo kaset ɗin da babu komai a ciki, a saka na asali a baki ɗaya, nashi a ɗayan, a danna ja, a ce wa yara kowa ya yi shiru duk da ba ta ɗaukar maganar waje. Haka waƙoƙin Alhaji Mamman Shata suka riƙa yawo gida gida. Kar mu manta Shata ya zauna a garin nan na Bakori kafin ya koma Funtuwa, kuma da yawa daga waƙoƙinsa ba a situdiyo aka ɗauke su ba, a wajen biki ne ko wajen wasa wani ya kafa rikoda. Haka ma karatun Sheikh Abubakar Gumi da na Sheikh Ɗahiru Bauchi, kowa da nashi malamin, kowa da nashi kaset.

Amma kaset yana da wata iyaka da ta zo a jikinsa. Idan ka kwafa daga na asali, murya za ta ɗan rage. Idan wani ya kwafa daga naka, ta ƙara dushewa. Kafin a kai hannu na huɗu ko na biyar, kalangu ya koma kamar ana buga shi a cikin rijiya. Don haka mai son abu mai kyau dole ya koma wajen mai sayarwa. Da finafinan Hausa suka fara, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, haka tsarin yake. Furodusa ya kai fim wajen 'yan kasuwa a Bata ko Ƙofar Wambai, a buga, dillalai su ɗauko zuwa Funtuwa da Malumfashi, mu kuma mu saya ko mu karɓi haya. Wato harkar tana da cibiya, akwai ƙofar da kaya ke fitowa, kuma duk wanda ya tsare ƙofar ya tsare kuɗinsa.

Ku riƙe wannan magana ta cibiya, ita ce jigon labarin nan.

A watan Yuni na 1999 abubuwa biyu suka faru waɗanda ba wanda ya haɗa su a lokacin. Ranar 18 ga watan Shata ya rasu a Kano, aka kai shi Daura aka binne. A farkon watan kuma, can Amurka, wani yaro ɗan shekara 18 mai suna Shawn Fanning, wanda ya yi karatu a wata jami'a a Boston, ya saki manhajar da ya kira Napster. Dabarar mai sauƙi ce. Maimakon a tara waƙoƙi a babbar kwamfuta guda kowa ya je can ya ɗebo, sai kowa ya bar nashi a kwamfutarsa. Idan kana neman waƙa, Napster ya gaya maka wane ne yake da ita, sai kwamfutarka ta ɗauko kai tsaye daga tashi. Wannan shi ne tsarin da ake kira P2P a taƙaice, wanda 'yan kirifto suka san sunansa sosai a yau. Ni a Hausa hannu-da-hannu nake ce mishi, domin kowa mai karɓa ne kuma mai bayarwa ne. Kuma fayil na kwamfuta ba kaset ba ne, kwafi na dubu daidai yake da na farko, ba ya dushewa.

Kamfanonin waƙa na Amurka suka maka Napster a kotu tun a Disamba 1999, mawaƙan Metallica ma suka shigar da tasu ƙarar a 2000. A watan Yuli 2001 aka rufe shi. Me ya sa aka iya? Saboda duk da waƙoƙin ba a wajensa suke ba, rajistar da ke nuna wa ke da me tana kan kwamfutocin kamfanin. Kamar dillali ne a kasuwar hatsi, ba shi da buhu ko ɗaya, amma shi ya san wa ya kawo masara, wa ke nema. Idan ka kore shi ciniki ya tsaya.

To sai masu ƙirƙira suka koyi darasi, suka ce a cire dillalin. A Maris 2000 wasu ma'aikatan kamfanin Nullsoft suka saki Gnutella, wanda kwamfutoci ke tambayar junansu da kansu. AOL, uwar kamfanin, ta janye shi washegari, amma ihu bayan hari ne, an riga an kwafe. Kazaa ya biyo baya a 2001. A shekarar ce kuma Bram Cohen ya fito da BitTorrent, wanda ya fi su duka dabara. Shi BitTorrent yanka fayil yake gunduwa gunduwa. Ka karɓi wannan gunduwa daga wani a Jamus, waccan daga wani a Masar, kuma tun kafin ka gama haɗa naka, gunduwoyin da ka riga ka samu kana miƙa wa wasu. Wanda ya fi bayarwa shi ake fi saurin ba shi. Wanda ya haɗa cikakken fayil ya ci gaba da rabawa, sunansa a tsarin mai iri. Manomi zai gane wannan nan take, domin haka muke da irin masara ko na dawa mai kyau, ka ba maƙwabci tiya ɗaya bana, baɗi shi ma ya ba wasu uku, bayan shekara biyar ba wanda ya san daga rumbun wa ya fito. Kuma saɓanin kanti da yawan jama'a ke jawo layi, a nan yawan masu nema shi ke ƙara sauri, kamar gayya.

An yi ta fafatawa. 'Yan sandan Suwidin sun kai samame kan shafin The Pirate Bay a ƙarshen Mayu 2006, cikin kwana uku ya dawo. A Afrilu 2009 kotu ta yanke wa mutum huɗu da ke da hannu a shafin ɗaurin shekara guda guda. LimeWire ma kotu ta rufe shi a 2010. Amma BitTorrent kansa yana nan har gobe, domin ba ofis ba ne, ƙa'ida ce ta yadda kwamfutoci za su yi magana da juna. Kuma ba don satar fasaha kaɗai ake amfani da tsarin ba. Waɗanda suka kafa Kazaa su ne suka kafa Skype a 2003 a kan irin wannan dabara, kuma Windows 10 ma yana barin kwamfutoci su miƙa wa juna sabuntawa.

To mu fa a nan? Duk wannan rigima ta Napster ba mu san ana yi ba. Wayar salula ta GSM sai a Agusta 2001 ta fara aiki a Najeriya, kuma ta ɗauki lokaci kafin ta iso mana. Intanet kuwa sai ka je kafe a Funtuwa ko Zariya, ka sayi awa guda, rabinta ta ƙare kana jiran shafi ya buɗe. Namu hannu-da-hannun ba ta intanet ya shigo ba, ta aljihu ya shigo. Wa ya tuna infirared, da za a kanga wayoyin Nokia biyu baki da baki a kan tabarma, a ce kar kowa ya motsa? Sai Bluetooth ya zo, wanda ke kai kamar taku goma sha. A fasaha ba ɗaya suke da BitTorrent ba, amma asalin tunanin guda ne, daga na'ura zuwa na'ura, babu rumbu a tsakiya, babu mai gadi.

Shekarar 2007 ce ta fara nuna mana ƙarfin abin, kuma ta mummunar fuska. Wani bidiyo na sirri na wata 'yar fim, da aka ɗauka da waya, ya fita. Ba zan kama suna ba, baiwar Allah ta sha abin da ta sha. Ba gidan talabijin da ya nuna shi, ba shagon da ya buga shi, amma cikin 'yan kwanaki ya ratsa Arewa daga waya zuwa waya. Duk wanda ya tura yana cewa ai ni mutum ɗaya kawai na ba. Wannan ne ya jawo gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta tsaurara, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban Hukumar Tace Finafinai ta Kano, aka dakatar da shirya fim na wani lokaci, aka shiga kame.

Sai kuma abin ya nuna ɗaya fuskar. Mawaƙan da suka ga an matsa musu suka riƙa yin waƙoƙin martani, ba su kai wa 'yan kasuwa ba, suka sake su ta Bluetooth. A 2009 kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da Girgiza Kai ta Ziriums da Hasbunallahu wadda Aminu Ala yake ciki, har aka kama Ala a watan Yuli na shekarar. Ni shaida ne, waƙoƙin da aka hana a Kano a tashar motar Funtuwa na fara jin su, a wayar wani kwandasta. Hukuma tana iya rufe shago, ta kwashe faifai, ta rufe situdiyo. Amma ta yaya za ta bi aljihun mutum dubu ɗari? Hanyar da ta tona asirin waccan baiwar Allah, ita ce dai ta kai muryar mawaƙan inda aka hana ta zuwa.

Daga nan sai wayoyin Chana masu ƙara suka cika kasuwa, memori ya yi arha, sana'ar turi ta kafu. Yaro ya samu tsohuwar kwamfuta da ƙaramin janareta da benci, shi ke nan ya zama ɗan dawunlodin. A iya tunawata, da naira 20 zuwa 50 za a zuba maka fim guda. Da wayoyin Android suka zo, Flash Share da ke zuwa a cikin Tecno, sannan Xender da SHAREit, suka ƙarasa aikin. Su waya ɗaya ce ke buɗe Wi-Fi nata, ɗayar ta shiga, ba data ba sabis, fim ɗin da Bluetooth zai kwashe awa yana ja ya wuce cikin minti ɗaya ko biyu.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Abin da ya karya kasuwar faifan waƙa a Amurka shi ya karya ta Kannywood. Furodusa ya kashe kuɗinsa, ya saki fim da safe, kafin magariba yana cikin memori a Kabomo da Kurami, shi kuma faifansa na jibge a shago. Wajen 2016 zuwa 2017 kasuwar faifai ta durƙushe. Shagunan da muka sani na sayar da fim a Funtuwa wasu suka koma kayan waya, wasu suka rufe. An yi kame, an yi yunƙurin sa 'yan turi su yi rajista su riƙa biyan wani abu, amma ƙofar da ake son tsarewa ta riga ta zama ƙofa dubu. A nan dole in faɗi gaskiya a kaina. Ni ma na kalli finafinai da yawa a waɗannan shekaru da ko sisi nawa bai isa hannun masu su ba, kuma ina cikin masu cewa 'yan fim sun daina abin kirki.

Sai Satumba 2021. Wannan ba sai na ba 'yan Bakori labari ba, amma saboda abokai na nesa zan faɗa. Saboda matsalar 'yan bindiga, bayan an katse layukan waya a Zamfara a farkon watan, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Funtuwa, Bakori da Malumfashi. Muka wayi gari waya ta zama tocila. Ga shi lokacin kaka ya gabato, masu sayen hatsi ba tiransifa, masu POS sun nade hannu, mai ɗa a makaranta ko mara lafiya a asibiti sai dai ya yi saƙo da direba kamar zamanin da. Haka muka zauna wajen wata uku, sai a Disamba aka dawo mana da shi.

A wannan lokacin ne na ga amfanin hannu-da-hannu da idona. Duk wanda zai shiga Zariya ko Kano, sai an rubuta mishi jerin saƙo. Wannan a sauke mishi labaran mako, wannan tambayoyin jarrabawa na baya, wancan karatun malaminsa, mata kuma sabon kashi na fim mai dogon zango. Idan ya dawo da daddare, majalisa ta kewaye shi, ya buɗe Xender, mutum huɗu su karɓa, su ma su juya su ba wasu. Kafin safiya abin ya zaga unguwa, washegari ya bi 'yan kasuwa zuwa ƙauye. Ba mu san sunan Bram Cohen ba, amma abin da ya tsara wa kwamfutoci shi muke yi da ƙafafunmu. An kashe cibiya, amma gari bai yi shiru ba.

Sai dai a cikin watannin ne kuma na ga abin da har yau yake damuna. Wani bidiyo na gawarwaki ya shigo gari, aka ce wani ƙauye ne kusa da mu aka kai wa hari daren jiya. Ba waya balle a kira a tambaya. Wata gwaggona da 'yarta ke aure a can ta kwana tana kuka, da asuba ta sa aka ɗauke ta a babur, a hanyar da ita kanta ba ta da aminci a lokacin. Ta tarar da kowa lafiya. Daga baya muka gane bidiyon tsoho ne, ba ma a ƙasar nan aka ɗauke shi ba. Wa ya fara kawo shi? Har yau ba wanda ya sani. A Facebook ko banza ana iya goge abu, a ga wanda ya ɗora. Abin da ya shiga memori kuwa zarar bunu ne.

Yanzu ina aka kwana? A Turai da Amurka ba kotu ce ta rage satar waƙa ba, sauƙi ne. Apple ya buɗe kantin iTunes a 2003 yana sayar da waƙa ɗaya senti 99, Spotify ya fito daga Suwidin a 2008, mutane suka ga biyan kaɗan ya fi wahalar nema. Mu ma 'yan fim ɗinmu da suka gaji da bin 'yan turi sai suka canza hanya, suka koma finafinai masu dogon zango a Arewa24 da YouTube. Abin alfahari, ɗaya daga cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya tashar da ke ɗauke da sunan garinmu ce, Bakori TV ta Lawan Ahmad, da shirin Izzar So da ya fara a 2020, wanda marigayi Nura Mustapha Waye ya ba da umarni, Allah Ya gafarta mishi. Fim kyauta, kuɗi kuma daga talla, gwargwadon yawan masu kallo.

Amma ga inda gizo ke saƙa. YouTube ba ya ƙirga kallon da aka yi ta Xender. Idan mutum ɗaya ya sauke, hamsin suka karɓa a wajensa, a lissafin masu fim mutum ɗaya ne ya kalla. Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a Maris 2023, amma tarihin nan tun daga Gnutella ya nuna doka ba ta iya zama a tsakanin wayoyi biyu da ke kan benci ɗaya. Mai gadin da ya rage shi ne mai riƙe da wayar.

Don haka ga abin da zan ce wa samarin nan biyu. Dattijon Tsiga da ba shi da kuɗin data, kuma sabis ɗin garinsu sai an hau tudu, ban ga laifinsa ba, kuma ba zan ce a rufe shagon da ke ciyar da ƙanena ba. Amma ni da kai da muke iya sayen data mu kwana a TikTok, mu kalli aikin mutanenmu a tasharsu, haƙƙi ne. Na biyu, siyasa ta fara kankama, za a ga muryoyi da bidiyo iri iri, wasu ma na'ura ce ta haɗa su. Abin da ba ka tabbatar ba, da abin da zai tona asirin wani, ya mutu a wayarka. Na uku, akwai abin da ya kamata mu tura da gangan. Kaset ɗin mahaifina na Shata da na sauran makaɗan yankin nan, rabinsu sun lalace a cikin kwali, waɗanda suka tsira su ne waɗanda wani ya taɓa kwafa. Duk mai tsohon kaset na waƙa, ko wa'azi, ko taron gari, ya fito da shi a mayar da shi fayil tun bai mutu ba, a raba wa mutane da yawa, kar a bar shi a waya ɗaya.

Ni na fara da guda 14 da na samu masu rai. Wanda yake kusa ya same ni a shagon bayan la'asar, ya zo da memorinsa, wanda kuma yake da nashi ya kawo mu haɗa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiya a Bakori da jihar Katsina da ƙasa baki ɗaya, Ya sa mu gama da duniya ba haƙƙin kowa a kanmu. Amin.